Zauren Zane a Matsayin Hanyar Jinya: Nazarin Ayyukan Nise da Silveira a Birazil

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rawar da zaurukan fasaha ke takawa wajen kula da masu taɓin hankali, ta hanyar bibiyar ayyukan likitar ƙwaƙwalwa Nise da Silveira (1905-1999) a birnin Riyo na ƙasar Birazil. An nuna yadda aikin ya faro a cikin asibiti, ya kuma fito cikin unguwa.

1.0 Gabatarwa

A shekarun 1940, manyan hanyoyin da asibitocin ƙwaƙwalwa suka dogara da su guda uku ne: jona wa majinyaci lantarki a ka, da sumar da shi ta hanyar allurar insulin, da tiyatar da ake yanke wasu jijiyoyi na gaban ƙwaƙwalwa. Da Silveira ta kama aiki a asibitin Pedro II da ke unguwar Engenho de Dentro a 1944, bayan ɗauri da dakatarwa da ta sha a zamanin mulkin Getúlio Vargas. Ta ƙi amincewa da waɗannan hanyoyi, don haka aka tura ta sashen koyar da sana'a, wanda likitoci ba su ɗauka da muhimmanci ba. A lokacin, abin da ake kira sana'a bai wuce shara da goge-goge ba.

2.0 Tsarin Zauren

A 1946 ta buɗe zauren zane tare da matashin mai zane Almir Mavignier, aka kuma haɗa da ginin yumɓu. Tsarin ya tsaya a kan ginshiƙai uku. Na farko, ba a koyar da majinyaci abin da zai zana, ba a kuma gyara masa. Na biyu, akwai mataimaki tsayayye da ke zama kusa da shi kullum, domin shaƙuwa da mutum ɗaya na sa wanda ya janye daga jama'a ya sake sakin jiki. Na uku, ana adana ayyukan kowane majinyaci bi da bi, saboda zane ɗaya ba ya bayyana komai, amma jerin zane na watanni na nuna inda hankalin mai shi ya dosa.

Wannan adanawa ce ta haifar da Gidan Tarihin Hotunan Ɓoyayyen Tunani a 1952, wanda a yau ke ɗauke da ayyuka fiye da 350,000. A 1957 aka baje kolin wasu daga cikinsu a babban taron likitocin ƙwaƙwalwa na duniya a Zurich, inda Carl Jung ya halarta.

3.0 Misalai Biyu

Emygdio de Barros ya shafe fiye da shekara 20 a asibiti kafin ya shiga zauren, daga baya masu sharhin fasaha irin su Mário Pedrosa suka yaba da zanensa matuƙa. Lúcio Noeman kuwa gwani ne wajen gina mutum-mutumi, amma aka yi masa tiyatar ƙwaƙwalwa duk da adawar Da Silveira. Abin da ya gina bayan tiyatar ya rasa siffa da kyan da aka san shi da su. Kwatanta ayyukansa na kafin da na bayan ya zama hujjar da ta riƙa kafawa a kan ɓarnar wannan tiyata.

4.0 Daga Asibiti zuwa Unguwa

Da Silveira ta lura cewa yawancin waɗanda aka sallama sukan dawo, domin babu abin da ke jiran su a waje sai kaɗaici da ƙyama. Saboda haka a 1956 ta kafa Casa das Palmeiras, gida mai buɗaɗɗiyar ƙofa inda tsofaffin majinyata ke zuwa da rana su yi zane da sauran ayyukan hannu, su koma cikin iyalinsu da yamma. Gidan na daga cikin abubuwan da suka share fage ga dokar Birazil mai lamba 10.216 ta 2001, wadda ta fifita jinya a cikin al'umma a kan tsarewa. Cibiyoyin unguwa da ake kira CAPS suna gudanar da irin waɗannan zauruka har yanzu.

5.0 Kammalawa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, wanda ya tattara sakamakon bincike fiye da 3,000, ya nuna cewa fasaha na taimakawa wajen riga-kafi da kuma jinya. Sai dai zaure ba ya maye gurbin magani ko ganin likita. Abin da aikin Da Silveira ya nuna shi ne, amfanin zauren ya rataya ne a kan 'yancin mai zane, da dawwamar mataimaki, da samun wurin zuwa bayan sallama. Duk shirin da ya tanadi fenti da takarda ya bar waɗannan uku, ya ɗauki mafi sauƙin ɓangaren aikin ne kawai.