Wa Ya Ce Kaba Kyauta Ce?

Maganar da na gaji da ji a bakin masu saƙar faifai da tabarma da malafa ita ce: "Ai kaba a daji muka yanko, ko nawa aka saya riba ce." Wannan magana ita ke cinye guminku, kuma ba wanda ya kai dillali son jin ta.

Kaba ba kyauta ba ce. Wanda ya shiga daji ya yanko ta ya ɓata yininsa. A shanya, a tsage, a jiƙa, a rina. Galurar da kuɗi aka sayo ta, itacen da aka tafasa ta da shi ma haka. Ko ɗanki ne ya ɗebo miki, Hajiya, ki aika a tambayo nawa ake sayar da damin kaba ranar kasuwa, ki sa wannan kuɗin cikin lissafinki. In ba ki sa ba, sadaka kika yi wa mai saye, alhali bai roƙe ki ba.

Sai babbar ɓarnar, wato ladan hannu. Da na ce a ƙirga lokaci, sai a ce mini, "Ai a zaune nake yi, bayan na sauke tukunya." To, tela ma a zaune yake ɗinki, kin taɓa jin ya yafe kuɗin aiki? Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne a wata. Ki raba shi gida 26, yini ɗaya ya kama wajen naira 2,700, awa ɗaya kuwa kusan naira 340. A ce faifai mai zane ya ci miki awa shida, ko da a kwana uku kika tara su. Ladan hannu kaɗai ya haura naira 2,000, ba a yi maganar kaba da galura da kuɗin mota ba, wanda kowa ya san yadda ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a 2023. In kika sallama shi a dubu ɗaya, ba ciniki kika yi ba, faɗuwa kika yi kina murmushi. Ina nanatawa: awar da ba ki ƙirga ba, wani ne zai ci kuɗinta a shagonsa.

Ga yadda za ki yi. Ki haɗa kuɗin kaya da ladan hannu da kuɗin kaiwa kasuwa. Wannan ita ce uwar kuɗi, ba a sauka ƙasa da ita ko don kunya. Ki ɗora riba a kai, sannan ki ƙara ɗan abin da za a rage wajen tayi, tun da mai saye ba ya jin daɗi sai ya ga an rage masa. Farashin sari daban, na ɗaiɗai daban, amma ko ɗan sari ya zo ɗaukar ashirin, ribar za ki sassauta, ba uwar kuɗin ba. In tayi bai kai ba, ki ce "albarka" ki ci gaba da saƙarki.

Na san za a ce tabarmar roba ta cika kasuwa, ga araha. Gaskiya ne, kuma ba za ki taɓa kamo inji a araha ba, don haka ki daina bin sa. Ki nemi masu neman ado: kayan ɗakin amarya, masu jera faifai a bangon falo, masu shagunan tsaraba irin na Kasuwar Kurmi a Kano. Araha ba ta ado. Amma fa baki ya fita tsaf, rini kada ya zuba, girma ya zo ɗaya.

Masu shirya horon sana'a ma suna da laifi. A tara mata, a koya musu sabon zane, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse, ba a ce uffan kan farashi ba.

Ku kuma masu saƙa, ku daina karya wa juna kasuwa. Wadda kuɗin cefane ya matsa ita ke fara sallamawa, dillali ya riƙe wannan farashin ya bi gida gida da shi. Ku zauna a unguwarku ku tsayar da farashin da ba mai sauka ƙasa da shi, ku kafa adashe don wadda ta matsu ta samu na cefane ba sai ta karyar da kayanta ba.