Ɓoye Tabo Da Na'urar Zanen Fata: Yadda Take Aiki Da Abin Da Bidiyo Ba Ya Nunawa

Idan kana leƙa TikTok ko Instagram, da wuya ba ka ci karo da irin bidiyon nan ba: mutum da tabon ƙuna ko na tiyata, a bi wurin da wata na'ura mai kama da biro, kafin ka ƙifta ido tabo ya ɓace. A darasinmu na yau za mu ga yadda abin yake aiki, domin fata ba waya ba ce da za ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani idan an yi kuskure.

Yadda na'urar take aiki

Asalinta na'urar zanen tatu ce. Samuel O'Reilly ne ya yi mata rajista a Amurka a 1891, bayan ya ɗauko dabarar daga alƙalamin lantarki na Thomas Edison. Ƙaramin inji ne ke tura allura tana shiga tana fita da sauri, tana ajiye ɗigon launi a zurfin milimita 1 zuwa 2. Fatar sama tana sabuntawa kusan duk wata, shi ya sa ake kai launin shimfiɗar da ke ƙarƙashinta, inda zai zauna shekaru.

Maimakon baƙar tawada, ana haɗa launuka har su zo daidai da fatar mutum, a cike tabon ɗigo-ɗigo, kamar yadda ƙananan ɗigogi ke haɗa hoto a fuskar wayarka. Yawanci sai an yi zama biyu ko uku, da ratar makonni a tsakani.

Abin lura: launi kawai ake sauyawa. A wajenmu masu rubuta manhaja, kamar ka gyara fuskar manhaja ne alhali matsalar tana nan a ciki. Tudu ko ramin tabon suna nan yadda suke.

Wane tabo ya dace?

Wanda ya warke sarai, aƙalla shekara guda, shafaffe, kuma ya fi sauran fata haske. Nankarwar da ta yi fari na cikin irinsa. Tabon da ya fi fata duhu kuwa ba ya ɓoyuwa da kyau.

Babban haɗari gare mu shi ne kiloyid, wato tabon nan da ke kumbura yana girma har ya wuce bakin ciwon, kamar wanda ke fito wa wasu bayan hujin kunne. Ya fi yawa ga masu baƙar fata, kuma sukar allura na iya tayar da sabo. Garin neman gira kada a rasa ido.

Sauran matsaloli

1. Rana tana ƙara wa fata duhu, amma launin da aka zuba ba ya bin ta, sai wurin ya fito daban.
2. Wasu launukan suna ɗauke da sinadaran ƙarfe da kan rikiɗe su yi baƙi idan aka zo gogewa da hasken leza.
3. Allurar da aka yi wa wani amfani da ita na iya yaɗa ciwon hanta nau'in B da C, da HIV.
4. Hukumar FDA ta Amurka ba ta amince da wani launi domin zubawa cikin fata ba.

Yadda za ka tantance bidiyo

Dubi haske: shin hoton farko da na ƙarshe a wuri ɗaya aka ɗauka? Idan ramukan gashi sun ɓace, fata ta yi sumul kamar roba, filta ce. Nemi hoton bayan wata uku, ba na ranar aiki ba, kuma a kan fata irin taka.

Kafin ka tura wa kowa kuɗi, je ka ga likitan fata ya duba tabon, ka kuma tambayi malami hukuncinsa, tunda dai zanen jiki ne. Kada ka sayi na'urar a intanet ka gwada a kanka ko a kan ƙanwarka.

Mai tambaya ya ajiye mana a ƙasa. Sai mun haɗu a darasi na gaba.