Me Ya Sa Lasifika Ke Cinye Wutar Mota?

Wannan tambaya daga wani mai sauraronmu ce a Kazaure, wanda ke yawon talla da mota zuwa kasuwannin Roni, Gwiwa da Ɓaɓura. Ya ce tun da ya ɗora manyan lasifikoki, da kiɗa ya buga sai fitilu su dushe, da safe kuma sai an tura motar.

To Malam, a fara da awo. A ɗora mita a kan batir: mota a kashe, lafiyayyen batir yana nuna volt 12.6, injin na aiki, a ga 13.8 zuwa 14.4. Idan an kunna sauti ya faɗi ƙasa da 13, altaneta mai cajin batir ta gaza, batir ne ke cike giɓin.

Altanetar ƙaramar mota yawanci amp 70 zuwa 90 take bayarwa, amfilifayar lasifikoki mai wat 1,000 kuwa ita kaɗai tana iya jan fiye da 70. Ga shi kana tsayawa a kasuwa injin yana silo, lokacin da altaneta ta fi rowa.

Kafin ka kashe kuɗi, duba bel ɗin altaneta ko ya saki, ka kankare farin garin nan da ke taruwa a kan batir. Sannan mai wayarin ya ƙara kaurin wayoyi uku: altaneta zuwa batir, batir zuwa jikin mota, injin zuwa jikin mota, da fis kusa da batir. In abin ya ƙi, sai babbar altaneta. Batir na biyu da wasu ke saurin saya ajiya kawai yake yi, kuma altanetar nan ce dai za ta cika shi.