Yadda Ake Shirya wa Malalar Mai Tun Bututu Bai Fashe Ba

Bututun ɗanyen mai da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya kusa kilomita 2,000, kuma ya ratsa jihohin Diffa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso. A watan Yunin 2024 'yan tawaye suka fasa shi, mai ya kwarara. Tun daga nan shirin ko-ta-kwana ya wuce zancen takarda.

Ana farawa da bin layin bututun ƙafa da ƙafa, a rubuta kowace rijiya, tafki, fadama, burtali da mashayar dabbobi. Sai injiniyoyi su lissafa mafi munin abin da ka iya faruwa: ganga nawa ke kwance tsakanin makullin bututu da na gaba, minti nawa ake ci kafin a kashe famfo. Wannan lissafi ke nuna inda za a ƙara makullai, kuma mashigar Kogin Kwara kusa da Gaya ta fi ko'ina buƙata. Lissafin rani daban, na damina daban, domin man da ya kwanta a rami a watan Maris ƙorama zai bi a Agusta. Daga nan a kasa haɗarin gida uku: wanda ma'aikatan tasha za su iya da shi, wanda sai hukuma ta shigo, da wanda sai an nemo agaji daga waje. Shingen roba mai shawagi kan ruwa, injin tsotso da tankunan tara mai a ajiye su kusa, a riƙa gwajin aiki da su.

Matakin da na fi ba muhimmanci shi ne jawo mutanen ƙauye, don ƙaramin yoyo kan kuɓuce wa na'ura, amma makiyayi zai ga ƙasa ta yi baƙi, ya ji warin. A ba shi lambar kira, a gaya masa da harshensa kada ya ɗiba, kada ya kusanto da wuta.

Wasu na cewa ƙasar yashi ce, za ta shanye man, kuma shirin na da tsada. To, abin da yashi ya shanye ruwan rijiya yake tararwa. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran ƙasar Ogoni da malalar mai ta ɓata zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Kuɗin irin wannan gyara ya fi kuɗin makulli nesa ba kusa ba. Don haka wajibi ne gwamnati ta sa a karanta wa kowane gari da bututun ya ratsa wannan shiri a bainar jama'a.