Darasi Na 14: Babur Ya Ƙi Tashi

Ran kasuwa Audu ya ɗaura buhun gyaɗa a tsohon babur ɗinsa. Ya buga, ya buga, babur ya ƙi tashi. Ga rana tana yi, makanike kuwa sai birni.

In haka ta same mu, ƙaƙa za mu yi?

Da fari mu leƙa tanki, ko da fetur. Kul, ban da ƙyasta ashana!

Sa'an nan mu kwance fulogi da sifana, mu dubi bakinsa. In ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska. Mu goge fulogin, mu mai da wayarsa, mu jingina shi a jikin inji, mu buga. In shuɗiyar wuta ta yi tsalle, lafiyarsa lau.

In kuwa bakinsa a bushe yake, mai ba ya isowa. Mu rufe mai, mu kwance ƙoƙon gindin kafireto, mu wanke. 'Yar kafar mai hura ta akan yi. Allura tana ɓata ta.

Audu ruwa ya tarar a ƙoƙon. Ashe fetur ɗin kwalba ya saya.