Abin da Ke Ƙarƙashin Ruwa: Darasi Kan Nutso da Halittun Tafkin Dadin Kowa

Gabatarwa

Ruwan famfon da ake sha a Jekadafari da Bolari da Pantami a cikin birnin Gombe, daga Dadin Kowa ake jawo shi, kimanin kilomita 35 gabas da birnin, kan hanyar Biu. A can ne Gwamnatin Tarayya ta datse Kogin Gongola, wanda ya taso daga tuddan Jos ya gangara har ya haɗu da Binuwai a Numan. Datsewar ta haifar da makeken tafki a Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba, inda ake su, ake noman rani, ake kuma samar da wutar lantarki. Jama'a sun san saman wannan ruwa sarai, amma kaɗan ne suka san abin da ke ƙarƙashinsa, ga shi kuwa can ne dukiyar take, can ne kuma hatsarin yake. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana yadda ake nutso da kayan numfashi, da halittun da ke cikin ruwa, da ƙa'idodin kiyaye rai da arzikin ƙasa.

Yadda Ake Nutso da Kayan Numfashi

Nutso tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya halarci bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta na nitsewa su fito da kifi a hannu. Sai dai mai irin wannan nutso ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, dole ya taso ya shaƙi iska. A shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska daga tukunyar ƙarfe da ya goya a baya, gwargwadon yadda yake buƙata. Iskar da ke cikin tukunyar ita ce dai wadda kowa ke shaƙa, an dai matse ta ne ƙwarai. Mai nutso kuma yakan sa tabarau mai rufe ido da hanci, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da agogon da ke nuna masa zurfi da sauran iskarsa.

Babban abin lura shi ne nauyin ruwa. A zurfin mita 10, matsin da ke kan jikin mutum ya ninka na bakin gaɓa sau biyu, a mita 20 kuwa sau uku. Saboda haka idan mutum ya cika huhunsa daga tukunya a mita 10, ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ta ninka biyu, tana iya yaga huhun. Har ila yau, kashi 78 cikin ɗari na iska wani sinadari ne da ake kira naitirojin, wanda ke narkewa cikin jini idan aka daɗe a zurfi. Idan aka taso da gaggawa sai ya yi kumfa a jijiyoyi, kamar yadda lemon kwalba ke yi in an buɗe shi farat ɗaya. Sakamakon haka shi ne ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko rasa rai. Don haka ne ake tasowa sannu a hankali, a dakata minti uku a zurfin mita 5, sabon ɗalibi kuma ba ya wuce mita 18.

Darasi Daga Wani Ƙaramin Tsibiri

A Tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, akwai ƙasar Sao Tome da Principe, wadda ta sami 'yancin kai daga Fotugal a 1975. Tsibirai ne ƙanana, kuma ruwan da ke kewaye da su garau yake, har mai nutso na iya hango abu daga nesa. Baƙi na zuwa daga ƙasashen waje su biya kuɗi domin su nutsa su ga kifaye masu launi iri iri tsakanin duwatsun ƙarƙashin teku, da kunkurun teku wanda ke fitowa da dare ya yi ƙwai cikin rairayi. A 2012 hukumar UNESCO ta sanya tsibirin Principe cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Darasin da ke ciki shi ne, kunkurun da aka yanka sau ɗaya ake cin kuɗinsa, wanda aka bari da rai kuwa kowace shekara yana jawo baƙi.

Dadin Kowa ya bambanta da wannan. Ruwansa na da laka, musamman da damina, ta yadda mai nutso da ƙyar yake ganin tafin hannunsa. Nutso a nan aiki ne na lalube: duba jikin madatsa, ciro kwalekwalen da ya nutse, ko neman wanda ruwa ya ci.

Halittun Tafkin

Kifayen da suka fi yawa a wannan ruwa sun haɗa da karfasa da tarwaɗa da ƙurungu da kawara. Namijin karfasa yakan share ɗan gurbi a wuri marar zurfi, macen kuwa takan ɗauki ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, ta ci gaba da ɓoye 'ya'yan a nan idan ta ga abokin gaba. Masuncin da ya kama ta a wannan hali ya hallaka ɗaruruwan kifi da jifa ɗaya. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take daɗewa da rai a taɓo, kuma da farkon damina take shiga ciyawar da ruwa ya malale ta zuba ƙwai. Ƙurungu kuwa yana da ƙaya mai ƙarfi a baya da gefe, mai lalube da hannu sai ya yi hattara.

Babbar dabbar tafkin ita ce dorina. Nauyinta kan haura tan ɗaya da rabi, tana iya yin kamar minti biyar a nutse, da dare kuma takan fito kiwo, inda sau da yawa take shiga gonakin shinkafa da masara ta yi ɓarna. Mai ɗa a gefe ita ce ta fi hatsari, domin tana iya kifar da kwalekwale. Duk da haka tana da amfani, gama kashinta taki ne ga ruwa, yana haɓaka ƙananan halittun da kifi ke ci.

Akwai kuma maƙiyin da ido ba ya gani. Ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa su ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fatar mai wanka ko mai wanki, ta kawo fitsarin jini. Cutar tana da magani a asibiti, kada a ɗauke ta alamar balaga ga yaro.

Ƙa'idodin da Ya Wajaba a Kiyaye

1. Kada kowa ya goya tukunyar iska ya shiga ruwa sai ya sami horo daga ƙwararre, kuma kada ya nutsa shi kaɗai.

2. A nisanci bakin madatsa da ƙofofinta da bututun jan ruwa. Ƙarfin zuƙar ruwa a wurin ya fi ƙarfin kowane gwanin iyo, ko da sama ta nuna lumana.

3. Itatuwan da ruwa ya shanye da tsofaffin tarun da aka yasar su ke sarƙe ƙafar mutum a ƙasa. Mai nutso ya riƙe wuƙa, masunci kuma ya fitar da yagaggen tarunsa waje.

4. Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta haramta kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki. Gubar da aka zuba a tafki, cikin ruwan da mutanen Gombe ke sha aka zuba ta.

5. A daina su da gidan sauro da taru mai ƙananan idanu, domin ƙaramin kifin yau shi ne na kasuwar baɗi.

6. A sa rigar kariya a cikin kwalekwale, kada a yi masa lodi fiye da kima, a kuma kauce wa matattarar dorina da asuba da almuru.

7. Idan hatsari ya auku, a sanar da Sarkin Ruwa da hukuma nan take. Wanda bai iya iyo ba ya miƙa gora ko igiya, kada ya faɗa, gudun kada gawa ta zama biyu.

Kammalawa

Hausawa sun ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wanda ya san halinsa ya ci amfaninsa, wanda ya raina shi ya bar marayu. Ana kira ga malaman makaranta da limamai da masu unguwanni da shugabannin masunta su karanta wa jama'arsu wannan darasi, musamman yara da matasa, tun kafin ruwa ya cika da damina.