Darasi: Kifin Tarawut da Duwatsun Cerokiyawa

Ɗan'uwa manomi, yau za mu kai ka ƙasar Amurka, cikin duwatsun da ake kira Simoki, tsakanin jihar Karolina ta Arewa da jihar Tenesi. Mutane kan je can su kafa tanti bakin gulbin Okonalufti, su kwana biyu ko uku, suna kamun kifi da fatsa. Kifin da suke nema sunansa tarawut. Shi ba ya rayuwa sai cikin ruwa mai sanyi, garau. In zafin ruwa ya wuce digiri 20, sai ya soma galabaita.

Ƙasar nan ta Cerokiyawa ce tun kaka da kakanni. Manoma ne kamarka, suna shuka masara da wake da kabewa. Sukan jera duwatsu cikin gulbi, su bar ƴar ƙofa, su tare kifi da kwando. A shekarar 1838 sojan gwamnati suka kore su zuwa yamma, ƙasar da ake kira Okalahoma yanzu. Wajen mutum 4000 suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Kaɗan suka saura cikin duwatsu. Jikokinsu na nan har yau, a yankin Kwala.

Daga wajen 1900 kamfanonin katako suka shigo, suka sassare dajin. Inuwa ta tafi, rana ta dafa ruwa. Ruwan sama ya kwashe ƙasar tudu ya zuba cikin gulbi, laka ta rufe tsakuwar da kifi ke yin ƙwai. Tarawut na asalin wurin ya ɓace daga mafi yawan rafukan, sai can ƙwanƙolin duwatsu.

A 1934 aka mai da wurin gandun daji. Itatuwa suka sake tsirowa, ruwa ya yi sanyi. Yanzu mai fatsa sai da takardar izini. Tarawut biyar kaɗai zai ɗauka a yini. Wanda bai kai santimita 18 ba, a mai da shi ruwa.

Ka gani ke nan: gatari a tudu ya kan kashe kifi a gulbi.

Tambayoyi, ku tattauna a ƙungiyarku:
1. Me ya sa kifi ya ragu bayan an sare dajin?
2. Itatuwa nawa suka rage bakin tabkin garinku?
3. Wa ke hana kama ƙananan kifi a wajenku?